Tambayoyin Bayan Katin Awo

Shekara guda bayan an raba ƙasar nan jiha-jiha, aka ce mu mutanen Yola daga yanzu Maiduguri za mu riƙa kallo, na sami aikina na farko. Wani ɗan wurin awon yara ne a Jimeta, ɗaki biyu da baranda, ba nisa da kasuwa. Yanzu ko tubalinsa babu. Saboda bakina aka ɗauke ni. Na gama makarantar 'yan mata ina jin Turanci, Fulatanci a nono na sha shi, Hausa kuwa a titi na tsince ta kamar kowa, sannan ina ɗan taɓa Barbarci, domin kakana na wajen uba daga Borno ya zo da allunansa ya auri Bafulatanar Yola. Mai kula da wurin wata Baturiya ce, doguwa, mai saurin tafiya, kowa Sista yake ce mata. Hausarta ba ta wuce "sannu" da "kawo yaro" ba. Ni ce bakinta, ni ce kunnenta.

Daga Litinin zuwa Juma'a a gidan goggona nake kwana a Jimeta, ranar Asabar in hau motar haya in koma gida Adarawo, cikin Yola.

A lokacin, kalmar da ke bakin kowa ita ce ci gaba. Tun ranar da aka ba mu 'yancin kai, muna 'yan firamare aka raba mana ƙananan tutoci muka yi ta ɗagawa a rana, malamai ke gaya mana cewa an bar mu a baya, sai mun haɗa da gudu. Ci gaba shi ne kwalta da famfo da rufin kwano, da jiragen ruwan da ke hawowa kogin Binuwai da damina su sauke kaya. Na yarda da wannan har zuciyata. Ina ma ganin ni kaina wani ɓangare ne na ci gaban, da farar rigata da fensir a aljihu.

Talata da Alhamis su ne ranakun awo. Akwai sikeli rataye a azarar baranda, da wani ɗan wando na tamfol da ake zura yaro a ciki. Yaro ya yi ta tsala ihu yana lilo, ni in karanta nauyi, Sista ta ɗiga ɗigo a gaban katinsa. Bayan katin kuma tambayoyi ne. Sista ce ta kwafo su daga wani ƙaton littafi da ta zo da shi daga ƙasarsu, wanda ya bayyana abin da ya kamata yaro ya iya a kowace shekara. In ya iya in yi masa maki, in bai iya ba in ja gicciye.

Ina son littafin nan ƙwarai. Sista takan ba ni aronsa, in zauna a inuwar dalbejiya bayan an tashi ina karantawa. Ban taɓa sanin an auna girman ɗan Adam an tsara shi daki-daki haka ba. Abin da ya dame ni shi ne yaranmu faɗuwa suke yi.

Sai in tambayi uwa, "Yana hawa matakalar bene shi kaɗai?"

Ta dube ni. "Wane bene?"

In ja gicciye. "Yana cin abinci da cokali?" A'a, da hannu yake ci. Gicciye. "Yana kwana a gadonsa shi ɗaya?" Nan wata ta taɓa riƙe baki ta ce, "Me ya yi mini da zan yar da shi?" Sista takan zube wasu 'yan katakai masu launi a tabarma ta ce yaro ya ɗora su kan juna, yaro ya ƙura musu ido ya ɓuya a bayan uwarsa. Ta nuna masa hoton jirgin ƙasa ta ce ya faɗi sunansa, alhali ni kaina ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba. Duk na ga wannan, amma ban ga laifin tambayoyin ba. Kunya kawai nake ji, ina cewa a raina lallai gaskiyar malamanmu ne, tun daga goyo aka bar mu a baya.

Wata Alhamis aka kawo wata yarinya da ta kusa shekara huɗu. Na san gidansu, maƙwabtanmu ne a Adarawo. Goggonta ce ke riƙe da hannunta, uwar kuma, wadda ba ta girme ni sosai ba, ta zauna can gefen benci kamar rakiya ta yi.

Sista ta ce in tambayi uwar sunan yarinyar. Na tambaya. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Goggon ce ta faɗa.

"Ba ita ce uwar ba?" in ji Sista.

Na sake tambaya. Uwar ta ce a hankali, "Yarinyar gidanmu ce."

Aka zura yarinyar a sikeli ta fashe da kuka. Uwar ba ta motsa ba, goggon ce ta ɗauke ta ta rarrashe ta. Sista ta durƙusa a gabanta ta ce ta dube ta, ta faɗi sunanta. Yarinya ta kafe idonta a ƙasa, ko uffan. Sista ta miƙa mata biskit. Ta karɓa da hannu biyu, ta kai wa goggonta, sai da goggon ta ce "ci" sannan ta gutsura rabi, ta miƙa sauran ga wani jariri da ke kusa wanda ko haƙori ba shi da shi.

Sista ta ɗauki katin ta rubuta da hannunta, tana karantawa a fili don in ji: uwa ba ta nuna wa 'yarta ƙauna, yarinya ba ta magana, ba ta kallon mutane, tana baya da sa'o'inta. Ta ce da ni, "Abin tausayi. Yaron da uwa ta ƙi, zuciyarsa ba ta girma daidai. Yana cikin littafin, kin karanta."

Na san abin da ke faruwa sarai. 'Yar fari ce. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban mutane, ba ta ma cewa nata ne. Amma na yi shiru na miƙa wa goggon katin. Dalilin shirun nawa shi ne ni ma 'yar fari ce. A ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, na tashi tun daga yaye. Dada, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "'yar Kaka". Ƙannena suna hawa cinyarta, ni ban tuna ranar da na hau ba. Da ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba. Ranar nan sai maganar Sista ta zauna mini a ƙirji. Na koma na buɗe littafin, na sami wurin, na karanta sau uku. Na fara auna kaina. Ko shi ya sa ba ni da sakin jiki da mutane? Ko ni ma an ja mini gicciye tun ina ƙarama ban sani ba?

Ranar Asabar na iso gida da hantsi. Dada na tsakar gida tana tankaɗe, Kaka na zaune a bakin ƙofarta tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe su, na ajiye jakata, na je na tsaya a kan Dada.

"Dada, mene ne sunana?"

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ba ta ɗago ba. "Yau kuma da me aka zo mana daga Jimeta?"

"Ina so in ji kin faɗa ne kawai."

Ta kakkaɓe hannunta, ta ɗauki ƙwaryar garin ta shige madafa. Na ga gefen fuskarta, kuma na gane na yi mata abin da ba a yi. Amma zuciyata ta riga ta hau, sai na fara hawaye a tsaye.

Kaka ta ce, "Ke 'yar boko, zo nan ki taya ni ɓara."

Na zauna. Ta bar ni na yi kukana, sannan ta ce in gaya mata. Na gaya mata komai, da yarinyar maƙwabta, da abin da aka rubuta, da abin da littafi ya ce. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta.

"Kina da shekara huɗu kika yi ƙyanda," in ji ta. "Idanunki suka rufe ruf, muka ɗauka kin makance. Babanki ya yi tafiya. Waccan da kika tsare yanzu tana da tsohon ciki. Matar da ko zaure ba ta leƙawa, da tsakar rana ta yafa zane ta fita ba ta tambayi kowa ba. Da ƙafa ta je Jimeta, da ƙafa ta dawo. Ta shigo ƙafafunta sun kumbura kamar tulu, ta miƙo mini kwalba ta ce, 'An ce a ɗiga wa yarinyar nan.' Ta koma ɗakinta. Kwana bakwai ana kai mata abinci yana dawowa, sai ranar da kika buɗe ido." Ta watsa ɓawon gyaɗa gefe. "Kuma man shanun da kike tararwa a binne a ƙarƙashin tuwonki, wanda ƙannenki ba sa samu, kina tsammani aljanu ne ke sa miki?"

Ban taɓa jin labarin nan ba. Man shanun kuwa na sani, na ɗauka Kaka ce.

Da na natsu sai ta ce in faɗa mata sauran tambayoyin. Da na zo kan matakalar bene ta yi dariya har da tari. Da na zo kan kwana shi kaɗai ta daina dariya ta ce, "Allah sarki, 'ya'yansu." Sannan na tambaye ta, to su da me suke gane yaro yana girma daidai?

"Da hankali mana. Ki aike shi ya je ya dawo da amsa. Ki ba shi abu ya tuna akwai wani a gefensa. Ya san wanda ake durƙusa wa. Ki ɗora masa ƙoƙon nono ya kai bai zubar ba. Ƙaninsa ya yi kuka ya san abin yi. Ita Baturiyarki duk tambayarta me yaro zai yi wa kansa. Ba ta tambayi me zai yi wa wani ba?"

Kafin in koma Jimeta na shiga madafa na durƙusa na ba Dada haƙuri. Ta ce, "Tashi, hayaƙi zai ɓata miki riga." Ta cika mini gwangwani da yajin daddawa na tafi da shi.

Ranar Litinin babu awo, muna jera magunguna ni da Sista. Na ce mata ina da magana a kan katin yarinyar nan. Na bayyana mata kunyar ɗan fari, na ce yaron da ya ƙura wa babba ido a wajenmu shi ne marar tarbiyya. Na ƙara da cewa sunan yarinyar sunan kakarta ne, shi ya sa a gidan ba mai kiransa, ita kanta da laƙabi ta san kanta.

Sista ta ajiye kwalbar da ke hannunta. "Me ya sa ba ki gaya mini a lokacin ba?"

"Kin ce in fassara abin da aka faɗa. Wannan kuwa ba wanda ya faɗa."

"Kati nawa muka rubuta irin wannan?"

"Da yawa."

Fuskarta ta yi ja har wuya. Na ɗauka korata za ta yi. Ta je ta tsaya a taga, sannan ta juyo ta ce ba wai ta ƙi yarda da ni ba ne, amma tana so ta gani da idonta. Ko za a yarda ta je gidan?

Asabar ta gaba muka tafi Yola a 'yar motarta bayan azahar. Na riga na aika, don haka an share tsakar gida an shimfiɗa sabuwar tabarma. Uwar yarinyar ta gaishe mu daga nesa, ta koma bakin madafa tana tsintar shinkafa a faifai. Na roƙi goggon ta yi harkarta kamar ba ma nan. Can sai ta kira yarinyar ta ce da Fulatanci, "Je ki gidan mai daddawa, ki ce ina gaisuwa, ta ba ni daddawa da 'yar kanwa." Na fassara wa Sista a kunne. Yarinya ta ɗauki ƙoƙo ta fita.

Ba a jima ba sai ga ta. Garin tsallake dokin ƙofa ƙafarta ta harɗe, ta tafi kamar za ta kifa. Kafin kowa ya motsa uwar ta zabura tsaye, faifai ya kife, shinkafa ta watse a ƙasa. Yarinyar ta dafe bango ba ta faɗi ba. Uwar ta ga duk muna kallonta, sai ta koma ta tsuguna tana kwashe shinkafa, kanta a ƙasa. Na saci kallon Sista, na ga ta gani.

Yarinya ta zo ta durƙusa gaban goggonta ta miƙa ƙoƙo. "Ta ce tana amsawa. Ga daddawa. Kanwa ta ƙare. Ta ce a mayar mata da rariyarta." Da Hausa ta kawo saƙon, domin mai daddawar Bahausa ce, goggon ta amsa mata da Fulatanci, yarinyar ta juya ta tafi neman rariyar.

Sista ta ce, "Harshe biyu?" Na ce e. Ta buɗe jakarta ta fito da katin, ashe ta zo da shi. A nan kan tabarma ta soke abin da ta rubuta, layi bayan layi.

Ba zai yiwu baƙuwa ta zo unguwa ba ta gaida Kaka ba, sai muka shiga gidanmu. Kaka ta tarbe ta da fura da kindirmo, suna ta yi wa juna murmushi ina tsakiya ina juya magana. Ina jin daɗi a raina, ina ganin yau mun yi nasara. A gefen Kaka kuwa autarmu ce zaune, 'yar shekara biyu, wadda aka yaye watanni kaɗan da suka wuce aka kawo ta ɗakin Kaka kamar yadda aka saba. Kaka ta shafa kan auta ta ce in gaya wa baƙuwa ga irin yaran da take nufi. Ba kuka, ba ƙiriniya, inda aka ajiye ta nan za a same ta.

Sista ta daina murmushi. Ta nemi izini ta ɗauki auta ta ɗora a cinya. Ta shafa gashinta, wanda sai a lokacin na lura ya yi laushi ya koma ja-ja. Ta danna bayan ƙafarta da babban yatsa, ta ɗaga, wurin ya zauna a lotse bai taso ba. Ta tambayi me take ci. Kunu, safe da rana da yamma, sai ɗan tuwo in ta karɓa.

"Ki gaya wa kakarki," in ji Sista, "shirun yarinyar nan ba hankali ba ne. Ba ta da ƙarfin yin kuka ne. Tamowa ce ta fara kama ta. In ba a canza abincinta ba za a iya rasa ta."

Na ji kamar in nutse. Na yi tunanin in sassauta maganar, in ce baƙuwa ta ce a ƙara mata abinci kawai. Sai na tuna abin da shiruna ya jawo a kan katin maƙwabta. Na faɗa wa Kaka yadda aka faɗa, ban rage ko kalma ba.

Kaka ta ja zanenta ta gyara zama. "Yara tara na yaye da hannun nan. Ita nawa ta haifa?"

Wannan kam ban fassara ba. Sista ta ce a riƙa dama kunun da gyaɗa, a sa mai, a daka busasshen kifi a zuba, a ba ta ƙwai. Kaka ta ce ƙwai yana sa yaro sata, ba a gidanta ba. Aka yi sallama sama-sama.

Ranar Talata ina karanta sikeli na ɗaga kai, sai ga Dada a layi da auta a bayanta. Ashe tana bayan ƙofa ta ji komai, kuma da kanta ta nemi izinin Baba. Da layi ya zo kanta ta miƙo mini yarinyar kamar ba ta san ni ba, ta ce, "Malama, a auna mana." Ɗigon auta ya faɗi can ƙasa da layin da ya kamata. Na nuna wa Dada a katin, na bayyana mata abin da layin ke nufi. Ta dube shi da kyau ta ce, "To, a gaya mini yadda ake damun."

Kaka ta yi kwana biyu tana fushi, sannan ta ce gyaɗa da kifi ba laifi, ai abincin mutane ne. Ƙwai ne ta ƙi. Dada ta riƙa fasa shi cikin kunun a madafa. Ina zaton Kaka ta sani, ta dai kau da kai. Duk Talata Dada na zuwa, ɗigo na hawa kaɗan-kaɗan. Kafin lokacin girbi ya yi, kumburin ya saɓe, baƙin gashi ya fara tsirowa. Wata Asabar na shigo na tarar auta ta kifar da ƙwaryar gyaɗar Kaka tana gudu tana ƙyalƙyala dariya, Kaka na bin ta da mafici.

"Kun lalata mini yarinya, ke da Baturiyarki," in ji ta tana haki. "Da mai hankali ce, yanzu ta fi ƙarfina." Ta zauna ta ce in kawo katin ta gani. Ta bi ɗige-ɗigen da yatsa daga ƙasa zuwa sama, ta ce, "Ƙarfen nan naku ya ga abin da ban gani ba." Ba ta ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Tun kafin wannan ni da Sista mun fara gyaran bayan katin. Gaban katin ba mu taɓa shi ba, nauyi nauyi ne ko a ina. Bayan an gama awo sai mu tsayar da iyaye mata a inuwar dalbejiya mu tambaye su yaushe yaro ke fara kaza, da me suke gane ya yi wayo. Da farko suna jin nauyi, daga baya har gardama suke yi da juna, mu muna rubutu. Matakalar bene ta koma hawa turmi da tsallake dokin ƙofa. Cokali ya koma ludayi. Katakai masu launi muka ajiye, muka sayo ƙananan ƙoƙuna a kasuwa, sai ga yaran da ke ɓuya suna jera su babba a ƙasa ƙarami a sama ba wanda ya nuna musu. Hotuna muka maye su da kayan gaske: tsintsiya, takalmi, kofi, albasa. Muka ƙara tambayar aike, da ta rabon abinci, da ta rarrashin ƙani. Sista ta buga su da tafireta muka manna a kan tsofaffin. Da tambayoyin suka daidaita sai muka fara ganin yaran da ke da matsala ta gaske, waɗanda da sun ɓace cikin taron gicciye. A haka muka gano wani yaro da ba ya ji sosai, da wata da idonta ɗaya ba ya gani.

Ni ce na sa a ƙara wata tambaya: yana jin kunyar manya? Ina alfahari da ita, domin ina ganin tamu ce. Sai wata rana wata mai sayar da bandar kifi, mutuniyar wajen Numan, ta kawo ɗanta ɗan shekara uku. Tun kafin in buɗe baki ya tsare ni da ido, ya faɗi sunansa da na babansa da ƙarfi, ya fizge fensirina yana tambaya mene ne wannan. Na karɓe abina na ja masa gicciye a wurin kunya.

Uwar ba ta karatu, amma ta san gicciye. Da irin Hausarmu ta Jimeta wadda ba ruwanta da mace ko namiji ta ce, "Malama, me ka rubuta?"

Na gaya mata.

"Kai! Wurin mu yaro da ba ya duba mutum a ido, ba shi da lafiya, ko ya yi ɓarna. Ni na koya masa haka. Ka goge."

Matan da ke benci suka kwashe da dariya. Sista ta tambayi me ya faru, na fassara mata, kunya kamar ta kashe ni. Sai ta miƙo mini abin gogewa tana danne dariya. Wata shida kacal da na gama yi wa Baturiya gyara, ga ni na ɗauki mudun gidanmu ina auna 'ya'yan wasu da shi. Muka sake tambayar ta koma haka: a gidanku yaya yaro ke nuna ladabi, kuma yana yi? Daga ranar na koyi fara tambayar uwa kafin in taɓa fensir.

Bayan an gama yaƙin basasa Sista ta koma ƙasarsu. Kafin ta tafi ita ta cika mini takardun makarantar koyon aikin jinya, na tafi Maiduguri na yi karatu, na dawo. Yarinyar maƙwabta ta girma ta zama malamar makaranta, auta kuma yanzu jikokinta sun fi nawa yawa. Na yi aikin awo fiye da shekara talatin tsakanin Jimeta da Yola da ƙauyukan hayin kogi, kuma duk inda aka kai ni da tambayoyin nan nake zuwa, ina koya wa na ƙasa da ni.

Ana saura kaɗan in yi ritaya aka turo mana wata sabuwar ma'aikaciya, yarinya mai kaifin baki. Ta yi mako biyu tana aiki da takardata, sai ta same ni a ofis ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, tambayar aiken nan tana zaluntar wasu yara." Na ce kamar yaya? Ta ce 'ya'yan ma'aikata da ke sababbin unguwanni a gidaje masu katanga da get suke, ga motoci a titi, ba mai aiken ɗan shekara uku ko'ina. Jiya ta ja wa wata yarinya gicciye, alhali yarinyar ta iya kiran kakarta a waya ta isar da saƙo tsaf.

Na ji wani ɗan zafi ya taso mini, irin na mai abu. Na bari ya wuce. Na jawo mata kujera na ce ta zauna, na ciro takardar daga aljihun tebur na shimfiɗa a gabanmu, na ce ta nuna mini sauran wuraren da take ganin sun tsufa. Ta zaro biro daga gashinta. Ashe a tata takardar ta riga ta yi wa guda huɗu alama.